Gidan da Na Gina

Kawu Barau ya fi ni sanin hanyar fadama.
Tun da ƙyanda ta tafi da idanunsa yana ɗan shekara shida
tafin ƙafarsa ke karanta ƙasar Auyo:
nan yashi, nan laka, nan gindin giginya,
nan kwalbatin da ya rufta bara.
Ba ya neman ɗan jagora.
Rabin shanun garin nan da igiyar da ya tufka ake ɗaure su.

Ni kuwa na yi boko a Dutse,
na dawo da kwamfuta a jaka.
Ƙungiyar manoman shinkafa ta ce in gina mata shafi a intanet
inda kowa zai sa sunansa ya karɓi taki bashi.
Na gina. Na shafe shi da kore shar kamar tsakiyar damina,
na sa hoton buhuna suna juyi.
Shugaba ya ce, yaro, ka fitar da mu kunya.

Ran Laraba bayan la'asar
Kawu ya zauna kan turmin da aka kifa,
ya kara waya a kunne,
wayar nan mai karanta masa rubutu da muryar mace.
Ya shafa da yatsa. Ta ce: maɓalli.
Ya shafa. Maɓalli.
Hoto. Hoto. Maɓalli.
Ya ce, Sallau, wane irin gida ka gina,
ɗakuna birjik, ba mai suna ko ɗaya?
Na yi ta sallama, ba a amsa ba.

Na kama yatsansa ina ja,
mutumin da ba a taɓa riƙe wa sanda ba.
Muka kai ƙofar ƙarshe, sai ta ce:
zaɓi hotunan da ke da keke
don a tabbatar kai mutum ne.

Na karanta masa. Da na sani na haɗiye.
Ya yi shiru har kaji suka fara hawa rumbu,
sannan ya ce, shekara sittin da biyu,
'ya'ya bakwai, jikoki ban ƙirga ba,
yau kuma keke ne zai yi mini shaida.

Daren nan na ɗaure idona da ɗankwalin inna,
na shiga gidan da na gina da hannuna.
Tuntuɓe tun daga zaure.
Ban san gabas ba.

Kwana tara ina raɗa wa ɗakuna suna
kamar mai zagaya gidajen haihuwa:
nan sunanka, nan girman gonarka, nan buhu nawa.
Kowane hoto na sa masa baki.
Na kore keken.
Ina cikin haka Uwale mai ƙosai ta leƙo,
hannunta na rawa tun ciwon da ta yi,
ta ce maɓallan nan ƙwayar gero ne, ita ba kaza ba ce.
Na faɗaɗa su.
Ɗan'azumi, da bai taɓa jin kiran salla ba,
ya nuna mini bidiyon shugaba, baki na motsi a banza.
Na zauna na rubuta duk abin da ya faɗa,
har da tarin.

Ran kasuwa Kawu ya koma kan turminsa.
Na tsaya nesa, hannuwana a aljihu.
Muryar ta ce: sunanka.
Ya faɗa mata, har da na kakansa.
Buhu nawa? Huɗu.
An karɓa.

Bai ce madalla ba.
Ya sa wayar a aljihun gaba, ya laluba sandarsa,
ya ce, bayan lambar waya akwai wani ɗan rami,
ni na tsallake, amma wani zai faɗa.
Ka cike shi kafin Juma'a.

Ya nufi fadama.
Na buɗe kwamfuta.